Carbin da Ke Tuƙar Rana

Munkaila ya dawo Matamaye daga cin rani ana dab da faɗuwar ruwa, da buhu a ka, da jaka a hammata, amma maganarsa ta riga shi isowa. Tun yana Kano ya aiko wa matarsa Sakina saƙon murya, ya ce ya samo wa Baba, mahaifinta, carbi mai haske da kansa, ba pil na tocila, ba kuran na lantarki, ba ashana. Wayar Sakina irin mai amon nan ce da ba ta san sirri ba. Mahaifiyarta, Hajiya Najaha, tana tankaɗe a tsakar gida ta ji, abin da Hajiya ta ji da hantsi kuwa, kafin azahar duk unguwarmu ta ji shi.

A lokacin Sakina tana gidan iyayenta. Haihuwar fari ce, ta je goyon ciki kamar yadda aka saba, ta haifi namiji aka sa masa Abubakar, uban yana can yana tura kurar ruwa. An yi wanka, an sha kunun kanwa, arba'in ta zo ta wuce har an manta da ita, amma babu wanda ya ce a ɗaure kaya. Hajiya ta ce angonta bai yi ƙwari ba tukuna, haka take kiran jaririn. Mahaifin Sakina kuwa, Malam Shekara, limamin ɗan masallacin unguwa, bai ɓoye nasa dalilin ba. Bai yarda da bakin surukinsa ba.

Yana da hujja. Bara waccan Munkaila ya kawo masa agogon bango mai kiran salla, agogon ya riƙa kiran azahar da hantsi, don lokacin wata ƙasa aka ɗura masa. Bara ya kawo irin kankana marar ƙwallo. Malam ya ware masa wuri mai kyau a lambu, aka yi ta ban ruwa, ya fito duma. Duman ma ko ludayi bai yi ba.

Amma maganar carbi ta shiga kunnen Malam. Idonsa ya yi rauni, kullum rana ta faɗi sai an tashi gidan neman carbinsa, a ɗaga tabarma, a kakkaɓe buzu, wani lokacin a same shi a wuyansa. Saboda haka ya ce a zo da abin ya gani.

Tsakanin Munkaila da Malam akwai kunyar surukuta irin ta da, wadda ba a rage mata komai ba. Tun da ya auri Sakina bai taɓa kallon fuskar Malam ba. In ya hango shi a hanya sai ya faɗa lungu, in babu lungu ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya zuba wa ƙasa ido. Ƙafafun Malam ya sani sarai, har da farcen babban yatsa da ya tsage. Da za a jera masa dattawan Matamaye a ce ya nuna surukinsa, daga ƙasa zai fara dubawa. Magana kuwa sai ta bakin Lawali, mai sayar da rake a tasha, wanda ya yi masa abokin ango kuma har yau bai samu sallama ba.

Bayan la'asar suka je. Munkaila ya tsuguna a waje, gefen ƙofar zaure, yana kallon bango. Lawali ya shiga ya gaida Malam, ya ajiye gwangwanin madara a kan tabarma.

"Carbin ne ya koma madara?" in ji Malam.

"Yana ciki, Baba."

Lawali ya ɓalle murfi ya zaro baƙar leda. Cikin ledar akwai wata leda. Cikin wannan akwai safa, cikin safar akwai ƴar'uwarta, sannan takardar siminti an ɗaure ta da zare. Tun ranar da ya saya Munkaila ya yi masa wannan sutura ya tura shi ƙasan jaka. A ganinsa haske kamar turare yake, in ka bar shi a buɗe sai ya bi iska. Kuma abin da za a kai wa suruki ba a barinsa a fili kowa ya ɗanɗana da ido.

"Lawali, in za mu kai magariba ka faɗa mini in sake alwala."

"An zo ƙarshe, Baba."

Carbin na roba ne, launinsa kamar ɗanyen wake. Lawali ya yi maza ya dunƙule shi ya cusa a aljihu, don an gargaɗe shi kada ya bari ya sha iska. Suka shiga ɗakin Malam su biyu, aka rufe ƙofa, aka toshe taga da matashin kai. Munkaila ya rarrafo ya koma tsugunne a gindin tagar, yana jin komai.

"Ka kunna?" in ji Malam daga ciki.

"Ba a kunnawa, Baba. Shi ke kunna kansa."

"To ka gaya masa mun zauna."

Can Lawali ya ce, "Baba, ka ga wani abu?"

"Na ga duhu. Duhu mai kyau kuwa. Ban san ɗakina yana da irinsa ba."

Lawali ya girgiza carbin, ya hura masa iska, ya goga shi a riga. Sannan ya matso jikin taga ya yi raɗa, raɗar da aka ji har madafa: "Kai, Munkaila! Akwai abin da ake karanta masa ne?"

"Babu. Ka ɗan juya shi."

"Na juya."

"Ka juya ɗaya gefen."

"Carbi ne fa, ba waina ba!"

Malam ya yi gyaran murya ya ce a buɗe ƙofa, zafi ya ishe shi. Da suka fito ya karɓi carbin ya shinshina, ya miƙa wa Hajiya ya ce a wanke, yana warin ƙafa. Sannan ya ce, "Lawali, ka gaya wa abokinka na gode. Carbi ne, zai jawu. Amma yarinyar nan da abokina, jaririn, su ƙara hutawa. Ranar da magana ɗaya tasa ta tsaya da ƙafarta, ya zo ya ɗauki iyalinsa."

A hanya Munkaila ya yi ta rantsuwa. "Wallahi da idona na gani, Lawali."

"Kankanar ma ai da idonka ka gani."

"Waccan a hoto na gan ta. Wannan mai kayan yana da kwali mai ƴar huda, ya jefa shi ciki ya ce in leƙa. Na ga haske kamar idon kyanwa."

"Ka tabbata babu kyanwa a kwalin?"

Munkaila ya rabu da shi a nan. Ya koma gida, gidan da ya share tun ranar da ya dawo, ya yayyafa ruwa, ya ɗaura ɗan gidan sauro a ɗakin Sakina. A ƙarƙashin katifa akwai ƙaramin takalmi ja da ya sayo, wanda ko Lawali bai nuna wa ba. Ɗan fari ne, uba ba ya ambaton sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. In magana ta kama sai ya ce "yaron nan na gidan Malam". Har ranar bai ga fuskar yaron da kyau ba, sai ƙeya, a bayan Sakina, daga nesa.

Washegari da safe Hajiya ta wanke carbin tare da kayan jariri, ta rataye shi a igiya. Ranar bazara ta yini tana dukansa. Da la'asar sakaliya hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara jifa da kwanuka. Hajiya ta ruga ta rungumo duk abin da ke igiya a hannu ɗaya, ta zube a gado. Aka ɗauke kuran. Jariri ya fasa kuka, ta lalubo farin mayafinsa a cikin tulin kayan ta naɗe shi, ta kwantar, ta je ta rufe taga. Da ta juyo sai ta ga wani haske kore-kore yana fita daga wajen ƙafafunsa.

"La'ilaha illallahu! Malam! Malam! Zo ka ga angona ya kama!"

Malam ya shigo yana lalube. Ko shi mai raunin ido ya gani. Sakina ta kai hannu za ta kware mayafin, Hajiya ta buge hannun.

"Kul! Ke kin san abin da ya sauka a kansa?"

Kafin iska ta lafa maƙwabta sun cika ɗakin, kowa da salati a baki. Hajiya ta fara tuna alamu. Ranar da aka haife shi kazarta ta yi ƙwai biyu. Kullum aka kira salla sai ya yi atishawa. Bai taɓa yi wa Malam fitsari a cinya ba, sai a kan baƙi. Mutane na ƙaruwa hasken na raguwa, har ya ɓace gaba ɗaya.

"Kun gani ko?" in ji Hajiya. "Idon mutane ne. Ku fita, ku fita, kun cinye mini shi!"

Malam mutum ne mai taka-tsantsan. Ya ce Allah ne masani, kada a yi ta yayatawa. Sannan ya ƙara da cewa, ko mene ne wannan, yaro irin haka ba zai tashi a gidan da ake shuka kankana a girbe duma ba. Zama ya kama shi a nan.

Da Sakina ta zo sake masa ɗiwa (tsumman da ake ɗaura masa a ƙugu) sai carbin ya faɗo daga ninkin mayafi. Ta ɗaga shi ta ce, "Inna, ga fa abin da ya yi hasken."

"Carbin da ubanki ya zauna da shi a duhu har ya yi gumi bai ga komai ba? Ke dai kina son komawa wurin ɗan Kanonki. Ajiye mini shi can."

Sakina ba ta ajiye ba. Ta ƙulle shi a baƙar leda, da safe da Lawali ya zo wucewa da damin rake ta jefa masa ta kan katanga. Sannan ta shige bayan rumbu ta yi wa mijinta saƙo, wannan karon da murya ƙasa-ƙasa.

"Ka ji, ɗan Kano. Abin nan naka ne ya yi haske jiya, ni na gani, amma ban san abin da ya tashe shi ba. Inna dai ta wanke shi. Ka yi ƙoƙari ka gano. Tun asuba mata ke zuwa, yanzu ma wata ta kawo tunkiyarta marar nono a shafa mata ƙafar yaron. An ce gobe ƴan garin Kance na tafe. In ba ka fitar da mu ba, kai ma sai ka bi layi kafin ka gan shi."

Munkaila ya saurari saƙon ya dafe kai. Da can carbi ne kawai bai yi haske ba. Yanzu sai ya je ya tabbatar wa surukansa cewa ɗansa yaro ne kamar kowane yaro, wannan kuwa aiki ne da bai taɓa jin an ba wani uba ba.

Suka kulle kansu a ɗaki shi da Lawali, don kada maƙwabta su gani su ƙara samun abin faɗa. Tunda wanki ne ya tashe shi, suka wanke shi da sabulu, suka lulluɓa da bargo suka duba. Duhu. Suka sake da garin sabulu. Duhu. Lawali ya ce wataƙila ruwan rijiya yake so ba na famfo ba, aka aro na rijiya. Duhu. Munkaila ya ce ko tsawa ce ta firgita shi jiya, ya ɗauko faranti ya buga a kansa da ludayi.

"Wataƙila hannun Hajiya ne," in ji Lawali, ya fito daga bargon yana ɗigar gumi. "Matar nan ko ni ta wanke sai na yi haske."

Da rana ta take suka haƙura. Munkaila ya fita ya rataye carbin a ƙusa jikin bangon tsakar gida don ya bushe, Lawali ya tafi tasha kada rakensa ya kwana. Bayan sallar magariba ya dawo da guntun rake biyu na jaje. Ya zauna ya jingina da bangon, sai ya zabura.

"Kai! Bangon nan naka bai ji labari ba ne? Rana ta faɗi tun ɗazu."

"Haka yake yi," in ji Munkaila, ko kai bai ɗaga ba. "Yini yake yana shan ta, da yamma ya riƙa dawo da ita a hankali. Tun da na shafe shi da siminti ba a jingina da shi sai bayan isha."

Lawali ya ɗaga kai don ya harari bangon. Raken da ke bakinsa ya faɗi.

A jikin ƙusa carbin yana nan yana haske, kowace ƙwaya a fili, kore shar. Suka kalli carbin, suka kalli bangon. Lawali ya taɓa bangon ya sake kallon carbin. Munkaila ya tuna mai kayan nan na Kano. Ba a shago yake ba, a bakin titi yake, kayansa baje a faranti, rana na gasa su tun safe.

"Wayyo ni," ya ce a hankali. "Lawali, ni na kashe shi da yunwa. Tun daga Kano na kulle bawan Allah cikin safa, ba ci ba sha."

"Safa biyu," in ji Lawali.

Da safe Lawali ya kai maganar. Malam ya saurara har ƙarshe yana shafa gemu.

"Wato rana yake ci."

"Ita yake ci, Baba."

"To. An kira ni duhu sau ɗaya na je. Wannan karon mai maganar zai shiga da kansa. In babu haske, ina so ya kasance kusa."

Sai matsalar wuri ta taso. Iskar shekaranjiya ta yaye fallen tol ɗaya, wato kwano, daga rufin ɗakin Malam, duhun nan mai kyau ya tafi. Ɗakin Hajiya ne kawai mai duhu, ita kuma ta ce duk hasken da aka gani a ɗakinta na angonta ne. Malam ya ce ta yi gaskiya, dole a yi nesa da yaron. Aka tsaya a kan zaure, cikin bargo.

Lawali ya ɗora carbin a kan rumbu, ya zauna gadinsa da sanda yana korar kaji da akuya. Da aka idar da azahar zauren ya cika, har da wasu mata biyu da suka zo daga Kance da ƴar kwalbar ruwa a tofa musu. Malam ya zauna a tsakiyar tabarma, aka miƙa masa carbin da zafinsa, aka lulluɓe shi da bargon sanyi mai hoton damisa. Zafin ranar kuwa ko ƙadangare ya nemi inuwa.

"Ina yake?" in ji bargon.

Munkaila yana bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya tuɓe hula, yana neman wani abin da zai ƙara tuɓewa. Ya rarrafo da baya-baya don kada ya fuskanci Malam. Wani dattijo ya ce, "Kai, ɗan nan, baya za ka ba surukinka?" Ya juyo da sauri ya yi gefe-gefe kamar mai gudun kare. Daga ƙarshe ya runtse ido gam, Lawali ya kama ƙeyarsa ya tura shi ciki, ya ja bakin bargon ya take da ƙafa.

Gwiwarsa ta taɓa gwiwar Malam. Ya janye, ɗaya gwiwar ta taɓa.

"Ina wuni, Baba," ya ce da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

"Lafiya lau. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya mutanen Kano?"

"Suna gaishe ka."

Munkaila ba ya jin komai sai ƙwayoyin carbi suna ƙas, ƙas, da numfashin Malam a goshinsa. Gumi ya gangaro masa ta hanci. Ya fara tunanin ko akuya ta yi wa carbin inuwa, ko Lawali ya yi gyangyaɗi, ko ranar Matamaye ba irin wadda ya saba ci ba ce. A waje ya ji wata daga matan Kance tana tambaya ko wannan damisar ce waliyyin.

"Buɗe idonka," in ji Malam.

"Baba, a yi mini haƙuri."

"Ni idona ba shi da kyau, kowa ya sani. In na fita na ce na gani, Hajiya za ta ce tsufa ne. Buɗe ka shaida."

Munkaila ya buɗe ɗaya, sannan ɗayan.

Cikin bargon ya yi kore kamar ƙasan rijiya. Ga carbin a tsakaninsu, ga fuska a bayansa. Ashe Malam ɗan ƙaramin mutum ne, mai siririn gemu da giɓi a gaba, kuma dariya yake yi marar sauti, har kafaɗunsa na rawa. Shi ma ya ƙura wa Munkaila ido, ya duba dama, ya duba hagu.

"Ashe kunnenka yaron ya ɗauko," ya ce. "Allah ya ba shi haƙuri."

Munkaila bai san abin da ake cewa ba, sai ya ce, "Amin."

Aka yaye bargo. Nan take Munkaila ya maida idonsa kan farcen nan da ya tsage, ya ja da baya har bakin ƙofa, kamar ba shi ne ya gama shaƙar numfashin mutumin ba. Dattawa suka riƙa shiga bargon bibbiyu suna fitowa da salati. Matan Kance suka shiga, suka fito, suka ce a tofa musu haka nan tunda sun riga sun zo.

Malam ya share gumi ya ce, "Lawali, tambayi abokinka. Wannan abin da carbin yake yi, ya sha rana sannan ya dawo da ita daga baya, me ake kiransa a Kano?"

Lawali ya waiwaya, Munkaila ya girgiza wa ƙasa kai.

"Ya ce bai tambaya ba, Baba. Amma ni a ganina amai ne. Ya ci ya ƙoshi, ya amayar."

"Amai a bakinka!" in ji Hajiya daga bayan ƙofar cikin gida. "Abin da ake ambaton Allah da shi?"

Wani ya ce ramuwa ce, rana ta dake shi yana ramawa. Malam ya ce a'a, ramuwa da fushi ake yin ta, wannan kuwa ko zafi babu a haskensa. Wani ya ce ai kamar madubi ne. Malam ya ce madubi ɗan aike ne, abin da aka ba shi nan take yake miƙawa, in ka shiga da shi bargo ba ya da ko na koko. Wannan ajiyewa yake yi.

Akuyar da Lawali ya yini yana kora tana kwance a inuwar zaure, idonta rabi a rufe, baki na motsi ba abin da ke gabanta. Malam ya nuna ta da carbin.

"Ga shi nan. Da safe ta ci, yanzu take dawo da shi a hankali, ba wanda ya ƙara mata komai. Tuƙa yake yi. Kuma abin da bai ci ba ba zai tuƙa ba, ko da an sa shi cikin safa goma."

Daga ranar kalmar ta zauna a unguwarmu. In bango ya ƙona maka baya bayan magariba sai ka ce yana tuƙar rana. Haka dutsen niƙa, haka kwalta, haka randar da aka manta a fili. Ba a faɗa wa fitila, don ita nata take ci. Lawali ya taɓa gwada ta a kan matarsa, da ta tayar masa da faɗan da aka yi tun sallar bara. Ya kwana a tasha.

Hajiya ba ta sauka daga maganarta ba. Ta ce ta yarda carbin na haske, amma kowa ya shaida bai taɓa yi ba sai da ya kwanta a ƙafar angonta, wurinsa ya koya. Malam ya ce wannan tsakaninta da angonta ne, shi dai ya yi alkawari, magana ɗaya ta tsaya da ƙafarta, a ɗaure kaya.

Da la'asar aka raka Sakina gida, da garin kunu da tulin tsummoki, Hajiya na biye tana lissafa abubuwan da ba a yi wa yaro irin wannan. Munkaila ya tsaya a tsakar gida yana duba ƙusar bango kamar ita ce ta dame shi. Sai da ƴan rakiya suka watse, Sakina ta shiga madafa ta daɗe da gangan, sannan ya leƙa ɗaki ya ɗaga gidan sauro. Ya duba kunnen dama, ya duba na hagu, ya shafa nasa. Ya ɗauko jan takalmin ya gwada. Ƙafafun biyu suka shige cikin guda ɗaya.

Yana cikin haka Lawali ya yi sallama daga waje.

"Baba ne ya aiko ni."

Munkaila ya fito da sauri. "Carbin ya mutu kuma?"

"Yana nan kan rumbu yana kiwo. Ya ce in gaya maka ya gode. Ya ce kuma, tunda ba a san ranar da za ku sake shiga bargo ba, ka rage cin ɗanyar albasa."